Lambar Mamaci a Rumbun Yaya

Ƙarfe bakwai na safe take sauka ɗakin da ke ƙarƙashin filin wasa. Ko wace ƙasa gasa ta kai mu, ɗakin iri ɗaya ne: ba taga, firji uku na gurnani a jikin bango, ga sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Idan dubban 'yan kallo suka kaure da ihu a sama, ruwan kofinta kawai za ka ga yana rawa. Shekara ashirin da shida tana wannan zama, kuma a watan nan take ajiye aiki.

Yaya muke kiranta, har waɗanda suka girme ta. Ni mai karɓar samfuri ne: ɗan wasa ya yi fitsari a kwalba a gabana, in rufe, in kawo. Ita ke shigar da komai a rumbun bayanan gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari. Ba ta ganin suna, sai lamba. Mukan tsokane ta cewa ko 'ya'yanta da lamba take kiransu cin abinci.

A wata babbar gasa, sakamakon wani zakaran tsere ya dawo daga ɗakin gwaji fes. Na shigo da hantsi na tarar ta ƙura wa kwamfuta ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Ta ce in rufe ƙofa.

"Ƙanena, na san wannan fitsarin. Mai shi ya rasu shekara biyu da suka wuce. Da hannuna na rufe shafinsa."

Ni ne kuwa na karɓi kwalbar. Ta buɗe tsohon shafin ta jera shi da sabon sakamakon, alƙaluman suka zo ɗaya har ɗigon ƙarshe. Marigayin ɗan tsere ne da zuciyarsa ta tsaya a wajen atisaye.

Shugabanmu, wanda bai taɓa saukowa ɗakin ba, ya sauko da jin labarin. Ya ce kuskuren na'ura ne, ta goge layin, saura awa biyu a rataya wa zakaran zinare. In ba haka ba, ni za a ɗora wa laifin. Yaya ba ta ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe, an riga an binne shi sau ɗaya. Ba ni zan sake binne shi ba."

A gabansa ta tura rahoton.

Masu bincike suka sami kwalba goma sha ɗaya cike da fitsarin marigayin a daskare a firjin gidan likitan tawagar zakaran. Ya tara su ne tun kafin ya fara ɗura wa marigayin ƙwayoyin da suka kashe shi, yana musanya su da na 'yan wasansa a hanya da haɗin bakin direban da ke kai samfuri ɗakin gwaji. Aka wanke ni. Ita kuwa shekara guda aka hana ta zuwa kowace gasa, kuma ba jaridar da ta ambace ta.

Yaya, ke ce idon da ba ya gyangyaɗi. Ke kika tsaya wa mutumin da ba ki taɓa ganin fuskarsa ba, kika sa mahaifiyarsa ta san abin da ya kashe ɗanta. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku da za ku gaji kujerarta, in lamba ta yi muku baƙon abu, ku tsaya ku sake dubawa. Mutum ne a bayanta, ko yana raye ko yana kabari.