Cittar da Na Rataye a Taga

Jiya ƙanshin citta a kasuwa ya tuna mini da marigayi kawuna, tsohon malamin makaranta a Kafanchan.

Shekarar da naira ta fito, ƙanena ya kama tari, yana ta ramewa. Maƙwabta suka ce wata tsohuwa ce ke shan jininsa. Ni kuwa na taɓa karanta littafin Turawa kan gawa mai shan jini, wadda tafarnuwa ke kora. Ba mu da tafarnuwa, sai na rataye citta a tagarsa.

Kawu ya yi dariya har da hawaye. "Ɗiyata, kin san tushen labarin nan? A ƙauyukan Turai, in tarin fuka yana ɗauke 'yan gida ɗaya, sai a tone kabarin wanda ya fara mutuwa, a ce shi ne ke shan jininsu. Su matattu suke ɗora wa laifi, mu kuwa tsofaffi muke ɗora wa. Sauko da cittar a dafa masa shayi."

Washegari ya kai shi asibiti a keke. Ashe tarin fuka ne. Ƙanena ya warke, aka daina nuna tsohuwar da baki a coci.

Kawu, Ubangiji ya hutar da kai kamar yadda ka hutar da ita.