Ranar da Na Tafi Ɗan Issa da Makullin Ruwa

Akwai wata rana da ko na kai shekara ɗari ba za ta fita daga kaina ba, kuma gara in faɗa tun yanzu: wawan labarin ni ne. Kada mai karatu ya wahalar da kansa yana neman wani a gaba.

Mu shida ne ke noman rani cikin darni ɗaya, nan bayan garin Madarunfa. Famfonmu ɗaya, mai aiki da hasken rana. Da fari rigima muka yi ta sha, kana tsakiyar ban ruwa wani ya je ya juya ruwan zuwa nasa fili. To da yake ni ne ɗan lakwal, wato ɗan boko, a cikinmu, don na yi aji huɗu kafin lissafi ya kore ni, sai na kawo tsari. Aka ƙera akwatin ƙarfe aka rufe majuyin ruwan. Mai ban ruwa ya buɗe, ya juya ruwa wajensa, ya kulle, ya riƙe makulli. In ya gama ya rataye shi ga ƙusa a bakin ƙofar lambu, na gaba ya ɗauka. Ni na matsa wa maƙeri ya yi wa kwaɗon rumfar ƙarfe yadda guduma ba za ta same shi ba. Ni kuma na hana a yanka makulli na biyu, na ce makulli biyu rigima biyu. Shekara uku ana tafiya lafiya, ni kuwa ina tafiya ina buɗa kafaɗa.

A ranin da nake magana, ɗiyata ta zo hutu daga Yamai. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Aikinta rubuta wa injuna umarni, ba irin wanda ake gani a fuskar waya ba, na can ciki, inda rubutu ke magana da ƙarfe kai tsaye. Hutu ne a baki, amma kwana biyu tana zaune gindin itacen bedi da odinatar, wato kwamfuta, a cinya tana tsaki.

Na ce, “Uwata, wa ya taɓa ki?”

Ta ce, “Baba, wani inji ne ke sandarewa. Ayyuka da yawa ke gudana cikinsa, kuma akwai wuri ɗaya da duka suke rubutu. Don kada biyu su shiga tare su ɓata, kowane sai ya ɗauki makulli, ya gama ya mayar.”

Na ce, “Af, tsarina ne suka sata.”

Ta yi dariya ta ce, “To na gano ɓarnar. Wani aiki yana da mafita huɗu. Uku an rubuta masa ya mayar da makulli. Ta huɗun, wadda yake bi in wani abu ya faru ba zato, an manta. Wata da watanni ba ya bin ta. Ran da ya bi, sai ya fice da makulli, sauran su tsaya jira har abada.”

Na tambaye ta maganin, ta ce ba za ta tsaya ƙara layi ɗaya a mafita ta huɗu ba, don gobe wani zai buɗe ta biyar ya sake mantawa. Za ta rubuta ne tun wurin ɗaukar makullin cewa da zarar aikin ya bar wannan ɗaki, ta kowace ƙofa, makulli ya saki kansa.

Nan na gyara zama na yi mata lacca. Na ce wannan lalaci ne, ƴan zamani ba ku son riƙe amana a ka, sai inji ya riƙe muku. Na ce shekara uku ina ɗaukar makulli ina mayarwa, ba igiya ba takarda. Har na ce, Allah ya yafe mini, mai hankali ba ya mantawa da abin da ke aljihunsa. Ta ce, “To, Baba,” ta ci gaba da danne-dannenta.

Washegari da hantsi ni ke da ruwa. Na juya shi ga albasata, na kulle, na jefa makulli aljihu. Mai bi mini a layin ruwa taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, wadda tun muna yara ba ta taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba ta taka ba. Mijinta ya rasu, lambun nan shi ke riƙe da gidanta. Da asubar ranar ta dasa tattasai fangali bakwai, irin da ta yi kwana arba'in tana reno. Dashe kuwa in bai sha ruwa ranar farko ba, rana ta gama da shi.

Sai wayata ta yi ƙara. Ɗana ne daga Ɗan Issa, wai matarsa ta sauka, tagwaye, duka maza. Jama'a, ban san lokacin da na ajiye wayar bisa tabarma ba. Ƙofar lambu tana gabas, hanyar mota tana yamma, kuma akwai wata kafa a darni da awaki suka buɗe. Ta nan na bi, da shekaruna da gemuna. Na tari ɗan kabu-kabu na ce Ɗan Issa, kada ka tsaya ko gaisuwa.

Can na wuni ana ta barka. Na ɗauki wannan na ajiye, na ɗauki wancan, na ce duka hancina suka ɗauko. Sai bayan la'asar na sa hannu aljihu zan fiddo goro in ba surukina, uban matar ɗana, na ji ƙarfe mai sanyi. Wallahi da kunama na taɓa da ta fi mini sauƙi.

Kafin in iso rana ta yi ƙasa, famfo ya fara numfashi sama-sama. Albasata na kwance cikin tabki, har kwaɗi sun zo gani. Maza huɗu na tsaye kan akwatin da guduma da zarto, sun yi gumi sun gaji, rumfar da na sa aka yi ta yi aikinta yadda ya kamata. Sun kira wayata ta amsa musu daga kan tabarma. Taubashiyata kuwa da Uwata, zane ɗaure a ƙugu, tun azahar suke kwasar ruwa da bokiti daga filina suna kai wa tattasai. Da haka suka ceci fangali biyar. Biyu sun kwanta ba su sake tashi ba.

Taubashiyar ranar barka kawai ta yi mini ta tagwaye. Wannan barkar ta fi zagi ciwo. Da safe na hau keke na je Safo wurin wani abokina na samo mata iri, na duƙa na dasa fangali biyun da hannuna, bayana na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Uwata ba ta tuna mini laccata ba. Ta dai sayo doguwar igiyar roba, ta ɗaure kai ɗaya ga bedin tsakiyar lambu, ɗaya ga makulli. Ta auna ta yadda za ta kai kowane fili amma ba za ta ƙetare darni ba ta kowane gefe. Na ce igiya za ta riƙa sarƙe shuka. Ta ce, “Za ta sarƙe, Baba. Inji ba ya bukatar igiya, shi da kansa yake saki. Ku ne sai da ita.”

Abin da na koya ke nan, kuma kyauta nake ba ku. Ba ranar da ka natsu ake mantuwa ba, sai ranar da wani abu ya fizge ka ta ƙofar da ba ka saba bi ba, ko da abin farin ciki ne. Don haka abin da jama'a ke jira a hannunka, kada ka jingina mayar da shi ga tunaninka. Ɗaure shi ga fitarka.

Yau tagwaye na gudu, tattasai ya yi shekaru yana ba da riba, igiya kuma an canza ta sau biyu. Wata Juma'a na ji kiran salla ina cikin ban ruwa, na zabura na nufi kafar nan ta yamma. Taku biyu bayan darni robar ta ƙure miƙewarta, na ji an fizge ni ta baya, aljihu ya yage, makulli ya koma cikin lambu abinsa. Na waiga, ga taubashiyata tsaye da fartanya. Na kakkaɓe riga na ce, “Gwada ta nake, in ga ko har yanzu tana da ƙarfi.”

Ta ce, “Sannu da ƙoƙari, ɗan lakwal. Akuyata ma kowace safiya sai ta gwada tata.”