Kalmar Sirrin Da Alhaji Ya Kasa Faɗa

A cikin duk abin da na gani a aikin koyarwa, akwai rana ɗaya da na tabbata ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Ranar ce na ga babban mutum, mai gemu da furfura, ya kasa furta kalma ɗaya tak, alhali makomar ɗalibai aji guda tana rataye a kanta. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna, dariya ce take fara zuwar mini, sai kuma haushi ya biyo baya.

A lokacin ina malamin kwamfuta a wata sakandare mai zaman kanta a Tudun Wada. Kullum da safe nake hawa babur daga wajen Kiru in zo. Bayan koyarwa, ni ke kula da ɗakin kwamfutoci. A kusurwar ɗakin akwai wata babbar kwamfuta, a cikinta kuma aka girka wata na'ura wadda ba ta da jiki balle ka taɓa ta, manhaja ce kawai da take aiki kamar na'ura mai zaman kanta. Aikinta shi ne ta riƙa ɗaukar kwafin duk abin da ke kwamfutocin ofis tana adanawa, don ko wata ta lalace, a dawo da kayanta. Tana da manyan asusu biyu masu cikakken iko. Da na farko ake shiga a dawo da ajiya. Na biyu kuma na can cikin cikinta ne, wanda in an manta kalmar sirrin na farko, ta nan ake sake wata.

Mai makarantar, wanda kowa ke kira Alhaji, mutum ne da ba ya yarda da kowa. Ko alli ne sai ya ga guntun tsohon kafin ya ba ka sabo. Kullum yana cikin gari yana tallan cewa makarantarsa ba ta da na biyu a kudancin Kano, amma 'ya'yansa duk a birni ya kai su karatu, ko ƙofar ajinmu ba su taɓa leƙawa ba. To, sai aka gayyace shi wani taron bita a Kano kan tsaron bayanai. Allah kaɗai ya san abin da ya ji a can, amma ya dawo yana kallon kowannenmu kamar ɓarawon akuya.

Washegari ya kira ni ya ce za a canza kalmomin sirrin na'urar ajiya. Gaskiya a nan bai yi laifi ba. Malamin da na gada ya koma wata makaranta, kuma da tsofaffin kalmomin a kansa ya tafi. Na ce masa hakan daidai ne, har ma mun makara. Na buɗe masa wurin canzawa, na ja masa kujera.

Ya ce, "To, juya bayanka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne fa zan riƙa aiki da ita."

"In kana bukata ka kira ni in zo in buɗe maka. An gaya mana a bita, sirrin da ya wuce mutum ɗaya ya zama labari."

Haka na juya ina kallon bango kamar ɗalibin da aka hukunta. Ina jin yana danna maɓallai da yatsa ɗaya, yana tsaki. Na'urar ta ƙi karɓar abin da ya fara sawa, ta ce ya yi gajere. Ya sake, ta ce sai da babban harafi da lamba da wata alama. Ya ce wannan na'ura ba ta da tarbiyya. Da ƙyar dai suka daidaita.

Da aka zo kan asusu na biyu na roƙe shi. Na ce ko ni bai yarda da ni ba, ya bar wannan a hannun Malama mai kula da jarrabawa, don mace ce da ta fi kowa daɗewa a makarantar, kuma ko allura ba a taɓa cewa ta ɓata a hannunta ba. Na nuna masa cewa in duka biyun suna bakin mutum ɗaya, ranar da ba ya nan mun shiga uku. Ya yi kunnen uwar shegu da ni, ya sa kalma iri ɗaya a duka biyun, ya miƙe yana gyara babbar riga kamar wanda ya ci zaɓe.

Aka yi watanni lafiya lau. Sai lokacin tura makin 'yan ajin ƙarshe ga hukumar jarrabawa ya zo. Duk ɗalibin da ba a tura makinsa na shekarun baya ba, ba zai zauna jarrabawar fita ba, sai dai ya jira wata shekara. Malama ta daɗe tana shigar da makin a kwamfutarta, amma intanet ya yi ta ba mu wahala, har aka kai ranar ƙarshe, wadda da yamma za a rufe shafin hukumar. Da safiyar ranar aka tayar da janareta, ya turo wuta fiye da ƙima. Kwamfutar Malama ta yi ƙara, ta fitar da hayaƙi, ta mutu murus.

Malama ta shigo ɗakina idonta ya yi ja. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai komai yana cikin na'urar ajiya, aikin ɗan lokaci ne in dawo mata da shi a wata kwamfutar. Sai da na zauna gaban allon, ya nemi kalmar sirri, sannan na tuna a bakin wa take. Alhaji ba ya gari. Ƙanin surukinsa ne ya rasu, ya tafi zaman makoki wani ƙauye can bayan Doguwa, inda sai an ajiye mota a bakin titi an hau babur. Ko a lokacin ya taso, ba zai iso kafin a rufe shafin ba.

Na yi ta kiransa ba ta shiga. Da ta shiga, na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya, na faɗa masa abin da ya faru. Ina jin muryoyin mutane kusa da shi. Daga baya direbansa ya gaya mini cewa duk ƙauyen wuri ɗaya ne waya ke kamawa, gindin bishiyar da aka shimfiɗa wa dattawa tabarmi. Alhaji kuwa yana zaune ne dab da surukinsa, mahaifin matarsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kalmar nan nake bukata yanzu."

Ya rage murya ya ce, "Ai mai sauƙi ce. Harafin farko babba. A ƙarshe ka sa lambar motata, sai alamar tambaya."

"To, na ji ƙarshen. Farkon fa?"

Ya yi gyaran murya. "Sunan yaron nan ne."

"Wane yaro?"

"Babban nasu mana. Na wajena."

Nan take na gane irin ramin da muka faɗa. Alhaji mutumin da ne, ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, kunya ta hana. Ga shi kuma sunan surukin nan nasa aka sa wa yaron, don haka tun yana jariri da laƙabi ake kiransa. A makarantar babu wanda ya san sunansa na yanka, tunda ba ɗalibinmu ba ne. Na gwada laƙabin, na'ura ta ƙi, har ta gargaɗe ni cewa in na ci gaba da kirdado za ta rufe ƙofa ta bar ni a waje.

Na ce, "Ranka ya daɗe, to rubuto mini ta saƙo."

"A'a. An hana mu a bita. Saƙo yana zama a waya."

"To miƙa wa wani wayar ya faɗa mini sunan."

"In ba wani sirrin makaranta? Kai ma ka san ba zai yiwu ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Amma ai da hannunka ka rubuta sunan a na'ura."

Ya ce, "Na'ura ai ba mutum ba ce, Malam."

Wallahi da a gabana yake, ban san abin da zai fito daga bakina ba. Na leƙa taga, ga 'yan ajin ƙarshe sun taru a baranda cirko-cirko, don labari ya kai musu. Akwai wata yarinya a cikinsu da take zuwa daga rugarsu, ita ce ta farko a gidansu da ta kai wannan aji, kuma kowa ya san in ta rasa bana ba lallai a bar ta ta dawo baɗi ba. Tana tsaye ta rungume jakarta tana kallon ƙofarmu.

Malama ta karɓe wayar daga hannuna. Mace ce mai sanyin magana, amma ranar ban san inda ta samo murya ba. Ta ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah! Yaran mutane ne fa. Suna ɗaya zai sa su rasa shekara?"

Ashe wayar Alhaji irin mai amon nan ce, duk wanda ke kan tabarma yana jin abin da ake faɗa. Sai muka ji wata tsohuwar murya tana cewa, "Kai, wane suna ake ta nema tun ɗazu? Miƙo nan." Surukin ne. Alhaji ba shi da bakin hana shi.

Tsohon ya yi sallama, Malama ta gaishe shi ta yi masa ta'aziyya, ta kwashe komai ta faɗa masa. Sai ya ce, "Af! 'Yar nan, ai yaron takwarana ne. Saurara da kyau." Ya faɗi sunan da ƙarfi irin na wanda kunnensa ya fara nauyi. Ya maimaita. Don ya tabbatar bai yi kuskure ba, ya haɗa da lambar motar da alamar tambayar, ya sake rangaɗawa, yadda ko masu dahuwa a cikin gida sai sun ji. Ina rubutawa, na'ura ta buɗe. Kafin wayar ta katse, na ji tsohon yana cewa, "Ashe kwaɗo ka mayar da sunana? To, madalla." Direban ya ce Alhaji bai ƙara ɗaga kai ba har aka shafa fatiha.

Muka dawo da makin, muka zauna ni da Malama muna turawa, intanet yana tafiya yana tsayawa. Ko abinci ba mu nema ba. Sunan ƙarshe ya shiga ana dab da rufewa. Malama ta kifa kanta a kan tebur ta yi kuka.

Kada ku ɗauka Alhaji ya dawo ya gode mana. Takardar tuhuma ya ba ni, wai na jawo sirrin makaranta ya fita a bainar jama'a. Na karanta ta, na yi dariyar da ban taɓa yi a gaban babba ba. Ƙarshen zangon nan na ajiye aikin.

Ni ba na raina kunya. Da ita aka raine ni, kuma ni ma yau ba na iya kiran sunan 'yata ta fari a gaban mutane. Amma abin da na koya shi ne, duk abin da haƙƙin jama'a ya rataya a kansa, ba a kulle shi a bakin mutum ɗaya, komai girman rigarsa. Wanda ya ƙi yarda da kowa don a ce shi kaɗai ne mai iko, ranar da aka matsu shi zai fara kasawa, kuma wasu ne za su ɗanɗana kuɗarsa. Yaran nan sun zauna jarrabawarsu, har da yarinyar ruga. Har yau ba su san cewa saura ƙiris su rasa shekara guda ta rayuwarsu ba, don kawai mai makarantarsu ya fi jin kunyar surukinsa a kan tsoron haƙƙinsu.