Ajin da Kamfani Ya Gina Mana

Har yau in na ji warin sabon fenti sai in tuna ajin nan. Ina aji huɗu a ƙauyenmu, kusa da Maradun, lokacin da kamfanin da ke aikin dam ya gina mana aji kyauta. Rufin kwano, bencuna masu sheƙi, har da littattafai. Mu da muka saba zama gindin tsamiya, kwana uku muka yi muna shafa bango.

Ashe kyautar da igiya a wuyanta. Wakilin kamfani ya kawo darasi a rubuce, kullum mu karanta cewa noman kakanninmu ya tsufa, arziki na ga ruwan dam. Daga baya ya raba mana takardu, mu kai gida iyaye su dangwala yatsa su saki gonakinsu. Na miƙa wa kakana tawa. Ya jujjuya ta, ya ce, "Ɗiyata, mai da musu abinsu. Fadamag ga ita ta cishe ubanki."

Hedimastanmu, wani Kirista da ke zuwa daga Mafara a kan keke, ya tattara takardun ya mayar wa wakilin. Ya ce, "Ɗalibai aka ba ni, ba 'yan aike ba."

Da rani manoma suka tare hanyar motocin kamfani. Washegari da hantsi, muna cikin darasi, motoci biyu cike da 'yan sanda masu bindiga suka tsaya a filin makaranta. Aka koro mu waje, aka cusa iyayenmu da aka kamo cikin sabon ajin, don shi kaɗai ke da ƙofar ƙarfe a garin. Hedimasta ya tare ƙofa, aka zubar masa da haƙora da gindin bindiga. Ta taga na ga an kwantar da kakana a kan bencin da nake zama, ana zabga masa kulki har ƙafarsa ta karye. Bai yi ihu ba. Ni na yi.

Bai ƙara takawa ba har ya rasu. Bayan mako guda aka ce mu koma aji, mu 'yan mata muka ɗebo ruwa muka wanke jinin.

Yanzu ni ke shugabantar wata firamare a Bakura, yaranmu na zaune a ƙasa. Bara wasu attajirai suka zo da tayin gina mana aji. Na ba su ruwa, na yi godiya sosai, sannan na ce, "Ranku ya daɗe, makullin fa, a hannun wa zai zauna?"