Indararo Uku na Gidanmu

Shekaranjiya na bi ta wani lungu a Jakara, sai warin jiƙaƙƙiyar makuba ya bugi hancina. Na tsaya cak, har mai kura ya daka mini tsawa. Mai karatu, in ba a cikin birni ka tashi ba, makuba ɓawon ɗorawa ce da ake jiƙawa a yi yaɓe da ita, don kada damina ta ci katanga. Wannan wari shi ne bazarar ƙuruciyata a Dukawuya.

A bayan gidanmu akwai ɗan fili, bai wuce shimfiɗar tabarma goma ba. Akwai kurna guda, a gindinta kuma kushewar mahaifin kakanmu, an kewaye ta da tubali. A nan ake kwaɓa ƙasa kafin ruwa ya sauka. Kakanmu yakan zauna a inuwa yana gyara wa masu yaɓe hannu, mu kuwa muna tattaka laka, bakinmu cike da kurna.

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, wani Alhaji ɗan kasuwa ya sayi gidan da ke jikin filin. Ba mugu ba ne, yana gaida kowa. Amma wata rana ya zo da takarda daga ofishin filaye, da hatimi a kanta, wai filin yana cikin nasa, zai sare kurnar ya gina sito. Ba mai karatun boko a gidanmu. Babanmu ya karɓa, ya jujjuya ta, ya mayar masa. Kwana biyu ba ya taɓa tuwon kirki.

Da hantsi aka taru, da mai unguwa da wani ma'aikacin awo. Ma'aikacin ya durƙusa a gaban kakanmu ya ce, “Baba, ina taku takardar?”

Kakanmu ya ce, “Ba mu da ita, ɗan nan. A dai kawo tulu uku na ruwa.”

Ya sa babanmu ya hau soro ya kwarara. Can sai ruwa ya ɓullo ta indararonmu uku, duk ya zuba cikin filin, har ya fantsama wa Alhaji a babbar riga. Kakanmu ya ce, “Alhaji, zagaya ka dubo naka.” Aka zagaya. Indararon gidansa kaf titi suke kallo, ko ɗaya bai juyo nan ba.

Mai unguwa ya ce, “A birnin nan ba mai juya indararo cikin haƙƙin wani. Da filin na gidanka ne, masu gidan na da ba za su bari ba ko damina ɗaya.”

Alhaji ya dubi kushewar, sannan ya kece da dariya. “Baba, ka jiƙa ni, ka jiƙa mini takarda.”

Kakanmu ya ce, “Rigar za ta bushe, Alhaji. Ka shigo a dama maka fura.”

Ma'aikacin ya sake awo yana gunaguni. Gyaran ya ɗau lokaci, amma an yi, mu ma muka sami takarda. Alhaji kuwa shi ya tsaya a sahun gaba ranar jana'izar kakanmu.

Yau unguwar duk siminti ce, ruwan sama ta bututu yake bi a ƙarƙashin ƙasa, ba mai ganin inda ya nufa. Ban ƙi ba, ɗakina ba ya yoyo. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma abin da na fara karantawa da kaina takardar filin nan ce. Mako uku ina fama. Na iske tsawo da faɗi da lamba, amma takardar ba ta san wanda ke kwance a gindin kurnar ba. Sai na sayi farar takarda, na rubuta sunansa da na kakanmu da karkataccen rubutuna, na naɗe su tare.