Ranar da Doña Tiburcia Ta Ƙona Koko

Kafin Don Cástulo mai gadi ya buɗe ƙofar gidan tarihin cakulan da ke bayan kasuwa a birnin Oaxaca na ƙasar Meziko, hayaƙin Doña Tiburcia Aquino ya riga ya tashi a tsakar gida. Motar farko take biyowa daga ƙauyensu da kwandonta a ka. Ta share gindin murhu, ta hura gawayi, ta ɗora kaskon yumɓu, ta yi alamar gicciye a goshi, sannan ta zuba 'ya'yan koko, waɗanda ake yin cakulan da su, ta shiga juyawa da 'yar tsintsiya. In sun gasu ta ɓare su tun da zafinsu, ta tura garwashi ƙarƙashin dutsen niƙa don ya yi ɗumi, ta durƙusa. A durƙushen nan ta tsufa a gabanmu.

Ɗakunan gidan cike suke da tsofaffin tukwane da ƙoƙuna masu zane da hotunan jiragen ruwan da suka kwashi koko zuwa Turai. Baƙi kan zagaya da hannu a baya suna karanta rubutun jikin gilashi, amma ƙarshenta hanci ke jan su tsakar gida, inda tsohuwar ke murza maburgi a tulu har kumfa ta taso. Ba mace ce mai sanyin baki ba. Ta sha gaya wa 'yan mata masu dogon farce cewa hannunsu na ado ne. Sai dai ba wanda ya taɓa karɓar ƙoƙo daga hannunta babu kumfa a kai, ko gwamna ne ko mai shara, don a wurinta miƙa wa mutum cakulan ba kumfa cin fuska ne.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi. Kafin ta tafi ya kamata a faɗi abin da ya faru bara, ana saura kwana biyu bikin tunawa da matattu.

Ran nan wani magidanci mai furfura a saje ya shigo tare da masu yawon buɗe ido. Suka sha, suka tafa, suka watse, shi yana nan tsaye yana murza hularsa.

"Kai mai hula," in ji Doña Tiburcia, "tun safe kake tsaye kamar ginshiƙi. Ko kai ma a sa ka cikin gilashi ne?"

"Inna, sunana Nemesio. So nake ki haɗa mini cakulan irin na mahaifiyata."

"To wane iri ne nata?"

"Ban sani ba."

A nan kowane gida da haɗinsa, kirfa kaza, sukari kaza, gashi kaza, kuma uwa ke bar wa 'yarta. Nemesio ba shi da 'yar'uwa. Yana saurayi ya tsallaka Amurka neman aiki ba takarda, uwar ta rasu yana can, bai samu zuwa jana'iza ba. Yanzu ya dawo gida, kuma jibi ne karon farko da zai shirya mata tebur da furanni da kyandir da burodi. Tsofaffinmu sun ce a ranar bikin, mamaci ƙamshi yake bi ya gane gidansa. Tsoron Nemesio guda ne: kada ta zo ƙofa ta ji ƙamshin baƙi ta wuce.

Doña Tiburcia ba ta ce masa sannu ba, ba ta iya wannan ba. Tabarma ta nuna masa. Ta niƙa da kirfa da yawa, ya kurɓa ya girgiza kai. Ta rage sukari, ya girgiza kai. Ta sauya koko ta ɗauko na wata ƙasa, har rana ta karkata.

"Ya yi daɗi, Inna. Ya ma fi nata daɗi. Amma ba shi ba ne."

Don Cástulo, wanda ya ƙagu ya rufe ƙofa, ya ce, "Ɗan'uwa, je kasuwa ka sayi na kwali mana. Mamaci ba ya zaɓe."

"Don Cástulo," ta ce ba ta ko ɗago ba, "in ka mutu na kwali za mu ajiye maka, mu ga ko za ka zo."

Washegari Nemesio ya dawo, duk jikinsa a sanyaye. Tsakar gida cike da baƙi. Tsohuwar ba ta sake tambayarsa kirfa ko sukari ba.

"Ɗana, in mahaifiyarka tana gashin koko, kai kana ina?"

Ya yi 'yar dariya, karon farko. "Kan katanga, Inna, ko bakin rafi. Ni ɗin ba na jin magana. Da ta ɗora kasko na san hannunta ya kamu, sai in sulale. Ta biyo ni da takalmi a hannu har bakin titi."

"Wa ke juya kaskon?"

"Ba kowa. Mu biyu ne a gidan."

Sai Doña Tiburcia ta zuba sabon koko a kasko, ta juya kaɗan, ta ajiye tsintsiya. Ta dafa bango ta miƙe da kyar, ta ratsa baƙi, ta nufi ƙofar waje a hankali, tana jan ƙafa. Hayaƙi ya soma sauya launi.

"Doña! Ƙauri!" Don Cástulo ya daka tsawa.

"Na ji. Hancina bai mutu ba."

Don Cástulo ya rantse tun da yake gadi a gidan bai taɓa ganin ƙwaya ɗaya ta ƙone a kaskonta ba, kuma shi ne abin alfaharinta a duniya. Ga baƙi suna toshe hanci, wasu suna ɗaukar hoto, wata na raɗa wa 'yar'uwarta cewa tsufa ya kama tsohuwa. Tana ji. Sai da ta kai bakin titi ta tsaya, sannan ta juyo ta sauke kasko. Ta ɓare, ta durƙusa a gwiwoyin da likita ya hana ta durƙusawa a kai, ta niƙa, ta dama, ta burga.

Nemesio bai kai ƙoƙon baki ba. Hancinsa kawai ya kai, sai ga babban mutum zaune a ƙasa yana kuka kamar yaro.

"Ashe ni nake ƙona mata," ya ce. "Duk shekarun nan ni ne."

"Kai ne mana. Ta taɓa zubarwa?"

"A'a."

"Ta taɓa hana ka sha?"

"A'a, Inna."

"To sha kafin kumfar ta kwanta."

Sauran ta mulmula masa, ta naɗe a ganye, ta kore shi ya je ya sayi furanni kafin su ƙare a kasuwa.

Doña Tiburcia, ke ce gwanar da ta yarda a ce ba ta iya ba, don wani ya samu uwarsa. Ke ce kika gane ba daɗi mutumin nan yake nema ba, gidansu yake nema. Mai murhun da ba ya mutuwa, uwar kumfa. Tukwanen cikin gilashi sun gaya mana yadda magabata suka sha cakulan, ke kuwa kin nuna mana dalilin da ya sa har yau muke dama shi. Mun sha faɗanki, kuma za mu yi kewarsa.

Bayan biki Nemesio ya kawo wa Doña Tiburcia burodi. A al'adarmu in gari ya waye akan ɗanɗana abin da aka ajiye wa mamaci, in ƙamshin ya tafi to ya zo ya ɗauka.

"Na kurɓa, Inna," ya ce. "Lami. Ko ƙaurin babu. Ta zo."

Masu son gardama za su ce cakulan da ya kwana dole ya huce. Su yi ta faɗa. Don Cástulo da ya ga fuskar mutumin, hularsa ya cire.

Mun gode, Doña Tiburcia. Allah ya ba gwiwoyinki hutu, ya sa a samu mai gadon dutsenki, wadda za ta iya aikin kamar ke, ta kuma san ranar da mutum ya fi aikin muhimmanci. Ku kuma da iyayenku mata ke raye, kada ku jira sai kun zo gidan tarihi neman su. Ku je yau ku zauna gindin murhu, ku kama musu tsintsiya, ku tambaye su abin da suka ƙona saboda ku.