Ranƙwashin da Na Yi wa Sale

A shekarar da nake aji huɗu a firamaren ƙauyenmu, kusa da Sheme, babu yaro mai irin kaina daga Faskari har Daudawa. Haka nake gaya wa ɗalibaina a jami'a, inda nake koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, kuma suna yarda. Abin da ba na gaya masu shi ne, duk lissafin da ke kan nan na Sale ne, ɗan gwaggona, taubashina. A gonar gero ya koya mani, muna bisa rumfar korar tsuntsaye, yana jan igiyar gwangwanaye yana rera bakwai sau takwas kamar waƙar daka, ni kau ina ɓarar gyaɗa ina amshi.

Wata Litinin ta ƙarshen damina malamin lissafi ya jera mu a gindin dalbejiya. Mutum ne da ko akuya ta ji tarinsa sai ta fasa tuƙa. Dokarsa ɗaya ce: wanda ya ci tambaya shi zai ranƙwashi wanda ya faɗi, in kuma ya sassauta, malam ya gwada mashi yadda ake yi a tsakar kansa. Ya ɗora tsumagiya a kafaɗar Sale, ya ce bakwai sau takwas. Na ga leɓensa na rawa, gumi na bin wuyansa, amsar da ya rera mani jiya-jiya ta ƙi fita. Aka juyo kaina, na ba da amsa daidai. Na dunƙule hannu na zuba wa Sale ranƙwashin da sai da aka ji ƙararsa a kasuwar Sheme. Aka tafa mani. Malam ya dubi Sale ya ce, "Kai dai kanka na ɗaukar dami ne."

Kullum haka. Kafin a yanke dawa Sale ya daina zuwa, kuma babu wanda ya bi sawu. Har yau abin na tafasa mani zuciya. Dattawan gari yabon malamin nan suke, wai yana da zafi, kamar barkono aka aiko shi sayarwa. Ya mayar da hannuwanmu bulalarsa, ya ci yaro mafi kaifi a ajin, ya bar ni, aku mai maimaita abin da ya ji, ina ta hura hanci. Shekara ashirin na yi ina binciken yadda fargaba ke toshe karatu, duk yaron da ya daskare a gabana leɓen Sale nake gani.

Bara na sami Sale a ƙofar gidansa ya kwance injin ban-ruwa yana gyara, ba littafi ba malami. Na zauna na zayyane mashi sakamakon bincikena, ina fatan ya gane haƙuri nake ba shi. Bai ko ɗago ba.

"Shekara ashirin, Dakta? Dama ni na san ba ka da saurin ganewa."